"Bayan Salla ina cika ma": yadda ake ɗaure wa'adi a cinikin gida da fili

Ba a cika yin gardama a kan kuɗin gida ba. An yi tayi, an yi albarka, an ƙara, an sallama gaban dillali da shaidu, kowa ya ji adadin da kunnensa. Lokaci shi ake bari a sake. Mai saye ya ce, "In Allah ya so bayan Salla ina cika ma." Mai gida ya ce, "Ba komi Alhaji, ai mun zama ɗaya." A rubuta adadi, a sa hannu, a shafa fatiha, a watse. Wace Sallar, ƙarama ko babba? Bayanta da kwana nawa? In ranar ta zo ba a cika ba, cinikin yana nan ko ya warware? Kuɗin da aka riga aka bayar fa? Babu ko ɗaya a takardar. Bayan wata huɗu farashi ya motsa a unguwar Arkilla ko Bado a Sakkwato, wani ya zo da tayin da ya fi, sai kowa ya tuna maganar ta fuskar da ta fi masa daɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a cinikin gida tsagar nan kusan kullum wurin rana take.

Ra'ayina a kan wannan guda ne. Duk wa'adin da zai shiga takardar ciniki sai ya amsa tambaya huɗu: wace rana ce takamaimai, aikin a hannun wa yake, me zai nuna an yi shi, me zai biyo baya in ba a yi ba. Abin da ke hannunka, kamar biyan kuɗi ko miƙa takardu, ka sa masa rana mai tsauri. Abin da ba ya hannunka, kamar sa hannun Gwamna, kada ka ɗauki alkawarin ranarsa. Mutane akasin haka suke yi: su bar ranar biya a buɗe, su kuma rantse cewa takardar gwamnati za ta fito cikin mako biyu. Addini ma bai bar mu a duhu ba. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, umarni ce a rubuta bashi tare da ajalinsa ambatacce, ragowar kuɗin gida kuwa bashi ne a wuyan mai saye.

A fara da ƙirgen kwana, don nan ne mutum biyu masu gaskiya ke saɓawa ba tare da ɗayansu ya yi ƙarya ba. A ce an sa hannu ranar Litinin 2 ga Maris, aka rubuta "cikin kwana 30". In an ƙirga da ranar sa hannun, wa'adi ya cika 31 ga Maris. In ba a ƙirga da ita ba, 1 ga Afrilu. In "wata ɗaya" aka rubuta, 2 ga Afrilu. In kuwa "ranakun aiki 30" ne, sai 13 ga Afrilu, shi ma in babu hutu ko ɗaya a tsakani. Salla ko Ista ta faɗo ciki, ya ƙara gaba. Dattijon da ke lissafi da watan sama shi ma yana da tasa ranar, don watansa 29 ne ko 30, ba a kuma sanin wanne sai an duba. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11, saboda haka biyan kashi-kashi na shekara biyu yana iya bambanta da mako uku cur tsakanin lissafin biyu.

Dokar fassarar dokoki ta tarayya, a sashe na 15, tana da tsari mai kyau: ba a ƙirga ranar da abin ya faru, in ranar ƙarshe ta faɗa Lahadi ko hutun gwamnati a koma rana ta gaba, wa'adin da bai wuce kwana 6 ba kuma ba a sa ranakun hutu cikin lissafinsa. Sai dai an yi ta ne domin wa'adin da ke cikin dokoki, ba ta shigowa yarjejeniyarku da ƙafarta. Kuma a wurinta Asabar ba hutu ba ce, alhali ma'aikatar filaye da yawancin rassan banki a rufe suke ranar. Don haka a daina rubuta adadin kwanaki kawai, a rubuta ranar da sunanta. Ga irin jimlar da nake nufi:

"Mai saye zai biya kashi na biyu, naira miliyan 19 da dubu 200, cikin asusun mai sayarwa mai lamba kaza a banki kaza, kafin ƙarfe 3 na rana, ranar Talata 28 ga Afrilu, 2026, bisa lissafin Miladiyya. Ba a ce an biya ba sai kuɗin sun shiga asusun. In gwamnatin tarayya ko ta Jihar Sakkwato ta ba da hutu a ranar, wa'adin ya koma ranar aiki ta farko bayan hutun."

Layin ƙarshen nan ba ado ba ne. Ranar Salla ba ta tabbata sai fadar Sarkin Musulmi ta sanar da ganin wata, hutun gwamnati kuma saura 'yan kwanaki ake bayyana shi. Kada kuma a sa ranar cikawa Juma'a. Rabin yini ne a aikace, in taransfa ta maƙale da yamma babu wanda zai warware ta sai Litinin, a lokacin wa'adi ya wuce da kwana uku. Talata ko Laraba sun fi, don akwai gobe da jibi na gyara.

Akwai masu ɗaure biya da wani abin da suke jira: "in na sai da albasa", "in raguna sun tashi a Achida", "in an biya ni garatuti". Malaman Malikiyya sun halatta a sa ajali zuwa girbi, saboda al'ada ta san lokacinsa. Amma girbin albasa a Goronyo ko Wurno daban, ranar da manomi zai buɗe rumbu daban, don yana iya ajiye ta wata uku yana jiran farashi. Garatuti kuwa babu mai sanin ranarsa, ajalin da ba a sani ba kuma yana ɓata ciniki a mazhaba. Mai irin wannan kuɗi ya kintata lokacin da yake sa ran samu, ya ɗora mako uku ko huɗu a kai, ya rubuta rana. Ya fi masa ya cika da wuri a gode masa, da ya makara ya koma roƙo.

To in ranar ta wuce fa? Nan mutane da yawa ke mamaki. A dokar da Babbar Kotun Jiha ke aiki da ita, wadda tushenta daga Ingila yake, wucewar ranar biya ba ta kashe cinikin ƙasa kai tsaye, sai in takardar ta faɗa ƙarara cewa ranar sharaɗi ce, ko yanayin cinikin ya nuna haka, ko an ba wanda ya makara notis na wani lokaci mai ma'ana ya kuma saɓa. Ke nan mai gidan da ya wayi gari washegarin wa'adi ya sayar wa wani yana iya zama shi ne mai laifin karya yarjejeniya, kotu ta tilasta masa cika cinikin farko ko ta ɗora masa diyya. Mai saye ma ba shi da wurin kwanciya. A shari'ar Odusoga da Ricketts ta 1997, Kotun Ƙoli ta ce a cinikin gargajiya wanda ya biya wani kaso ya kasa cika ragowa ba shi da ingantaccen saye, ko da ya riga ya shiga filin. "Ai na ba da rabi" ba katanga ba ce.

Sannan ba ku san gaban wane alƙali za ku tsaya ba. Sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya keɓe wa Babbar Kotu rigimar filin da ke da haƙƙin mallaka daga Gwamna. Filin da ke kan haƙƙin gargajiya yana iya zuwa ƙananan kotuna, maganar gado da bashi tsakanin Musulmi kuma a nan Sakkwato kotun shari'a ake kai ta, inda fiƙihun Malikiyya ke aiki. Takarda mai kyau ita ce wadda za ta tsaya da ƙafarta a zaurukan biyu. Hanyar kuwa mai sauƙi ce: a rubuta cewa ranar biya sharaɗi ce a cikin cinikin, in ta wuce, mai sayarwa zai ba da notis a rubuce na kwana 14, in kwana 14 sun cika ba a biya ba, yana da ikon warware cinikin da wata takardar, kuma zai mayar da abin da ya karɓa cikin kwana 21. Wannan wa'adi na ƙarshe, na mayar da kuɗi, shi aka fi mantawa, shi kuma ya fi cin zumunci. Mai gida ya riga ya kashe kuɗin a aurar da ɗiya ko kujerar Makka, mai saye ya koma bin bashin da ba shi da rana, a hannun mutumin da ke ganin shi aka yi wa laifi.

Wannan ya kawo mu kan kafin alƙalami. A wurin lauyoyi, kuɗin riƙe ciniki daban, biyan wani kaso na farashi daban. Na farko, wanda aka saba yanka shi kashi 10 cikin 100, mai sayarwa yana iya cinye shi in mai saye ya saɓa. Na biyu mayarwa ake yi in ciniki ya warware. Rasit ɗin da aka rubuta "na karɓi naira miliyan 2 da dubu 400 na gida" bai faɗi ko wanne ba, kowa sai ya fassara yadda ya so. A Malikiyya kuwa cinye kafin alƙalami don an fasa ciniki haramun ne. Imam Malik ya kawo hadisin hani a kai cikin Muwaɗɗa, Hambaliyya ne suka halatta. Shawarata ga Musulmi biyu da ke ciniki a nan: su rubuta cewa kuɗin wani ɓangare ne na farashi, ana mayar da shi in an warware, bayan cire ainihin abin da aka kashe mai rasit, kamar kuɗin safiyo, na lauya da na bincike. Kada kuma a rubuta "duk makon da aka makara za a ƙara naira dubu 50". Ƙari a kan bashi saboda jinkiri riba ce, kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a hukuncinta na shekarar 2000, ta halatta sharaɗin tara a yarjejeniyoyi amma ta cire wanda asalinsa bashi ne. Abin da ke kare mai sayarwa shi ne ya riƙe takardun asali da mabuɗi har a cika, ya nemi mai tsayawa, ya kuma sami ikon warwarewa. Jinkirin mai sayarwa wurin miƙa gida hukuncinsa daban, don ba bashin kuɗi ba ne: ana iya rubuta cewa zai ɗauki kuɗin hayar da mai saye ya ci gaba da biya saboda shi.

Kafin kuɗi masu nauyi su motsa akwai wa'adin bincike, kuma a nan nake so a fi natsuwa. Ayyukan sanannu ne: a duba fayil a ma'aikatar filaye ko SOGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta Jihar Sakkwato, a ga sunan wa ke kai, ko an jinginar da shi a banki, ko an soke shi, ko ana bin sa kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Safiyo ya je ya nemo bikon, ya gwada su da taswirar da ke jikin takarda. A tambayi hukumar tsara birane ko filin bai hau hanya ko wurin da aka ware wa makaranta ba. A zauna da mai unguwa da maƙwabta, in a bayan gari ne har da hakimi da uban ƙasa. Kuskuren da ake yi shi ne a fara ƙirga kwanakin bincike daga ranar sa hannu, alhali mai gida bai ba da kwafin takardu ba sai bayan kwana goma sha. A raba wa'adin biyu: mai sayarwa yana da ranakun aiki 5 ya miƙa kwafin C of O, wato takardar shaidar mallaka daga Gwamna, ko takardar alokeshan, taswira, rasit na kuɗin ƙasa da duk takardun cinikin da suka gabata, mai saye ya sa hannu cewa ya karɓa a rana kaza. Daga ranar ne kwana 21 ko 30 na bincike ke farawa. In an ga matsala a sanar a rubuce kafin wa'adin ya cika, mai sayarwa ya sami kwana 14 na gyara, in bai gyaru ba a mayar da kuɗi. In mai saye ya yi shiru har ranar ta wuce, an ɗauka ya gamsu. Wannan layin adalci ne ga mai gida, kada a riƙe masa dukiya babu iyaka.

Tsarin nan ya yi daidai da abin da fiƙihu ya daɗe da sani, cinikin zaɓi, wato a ƙulla da sharaɗin ana iya fasawa cikin wani wa'adi, inda Malikiyya suka ba gida kimanin wata guda. Abu biyu ne za a kiyaye a ciki. Ba a sharɗanta biyan farashi a hannun mai sayarwa lokacin zaɓi, don kuɗin sai su zama ba a san ko rance ne ko farashi ba. Shi ya sa nake ganin kafin alƙalami ya zauna a asusun lauya ko wani amintacce da duka biyu suka yarda da shi. Mai saye kuma kada ya tare, kada ya sauke bulo ko ya fara haƙa harsashi, don yin haka yana nuna ya zartar da cinikin. Wani abin da wata guda ba zai nuna maka ba shi ne damina. Filin da ka gani a bushe cikin Maris yana iya zama tafki cikin Agusta, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya san abin da gulbin Rima ke iyawa. Tunda ba za a jira damina ba, a duba tabon ruwa a jikin katangun maƙwabta, a tambayi wanda ya daɗe a unguwar, ba wanda ke da la'ada a cinikin ba.

Yanzu ranar biya kanta. Mutum yana da kuɗinsa cas a asusu amma ya saɓa wa'adi, saboda bai san yadda banki ke tafiya ba. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana biyan tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ga mutum, miliyan 10 ga kamfani, sai ta hanyar banki, don haka zancen kawo kuɗi a buhu ya fita. Cek guda ba ya wuce naira miliyan 10 a tsarin musayar cek tsakanin bankuna, ba kuma ranar da aka ajiye shi yake zama kuɗi ba. Taransfa ta waya tana da iyakar abin da za ta fitar a rana, ɗaga iyakar kuma sai an cika fom a reshe, wani lokaci a tarar suna a BVN bai yi daidai da na NIN ba, a ce sai an gyara. A je banki mako guda kafin ranar. In dole sai an raba biyan kwana uku, a fara kwana huɗu kafin wa'adi. Mai sayarwa kada ya dogara da alat, ya duba asusunsa da kansa ko ya karɓi sitatimen kafin ya saki takarda. Asusun ya zama na wanda sunansa ke kan takardar mallaka, ko wanda ya wakilta a rubuce. Ba na dillali ba, ba na "ɗan'uwana da ke riƙe min kuɗi" ba. Wanda kuma ke jiran rancen gida daga banki ko ƙungiyar adashin ma'aikata, ya sa masa nasa layin: in amincewar rancen ba ta fito ba zuwa rana kaza, kowa na iya janyewa a mayar da kuɗi. Takardar tayin rance ita ma tana da ranar mutuwa a jikinta, a daidaita ta da ranar cikawa.

Sai babban abin da ba ya hannun kowa a cikinku. Sashe na 22 na dokar 1978 ya ce mai haƙƙin mallaka daga Gwamna ba ya sayarwa ko jinginarwa sai da amincewar Gwamna, sashe na 26 ya ce abin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba banza ne, Kotun Ƙoli kuma ta nuna da gaske take a shari'ar Savannah Bank da Ajilo ta 1989. Daga baya, a 1995, ta fayyace cewa ƙulla yarjejeniya kafin amincewar ba laifi ba ne, cinikin dai yana rataye har ta fito. Filin da ke kan haƙƙin gargajiya amincewar ƙaramar hukuma yake buƙata, sashe na 21, amma a kula: unguwa tana iya zama a ƙasar Wamakko ko Dange Shuni ko Kware, kuma ta faɗa cikin yankin da aka ayyana birni, wanda ke hannun Gwamna. Babu dillali ko lauyan da ya isa ya ce maka ga ranar da fayil zai sauko daga sama. Abin da ake sa wa rana shi ne matakan da ke hannu. Ranar biyan kashi na biyu, a zama guda, mai sayarwa ya sa hannu a takardar sauya mallaka, da wasiƙar neman amincewa, da duk fom, ya miƙa takardun asali, hotuna, shaidar biyan haraji da rasit na kuɗin ƙasa. A shigar da fayil cikin kwana 14, a karɓi shaidar shigarwa mai hatimi. In ma'aikata ta nemi ƙarin bayani ko ta ce mai sayarwa ya bayyana da kansa, yana da kwana 7. Sannan a sa rana ta can nesa, wata 6 ko 9, a faɗi abin da za a yi in ta zo babu amincewa: a ƙara lokaci in jinkirin na ofis ne, a warware in laifin takardun mai sayarwa ne.

Me zai sa mutumin da ya karɓe kuɗinsa duka ya bar kasuwarsa ya zo ma'aikata? Sai mutunci, mutunci kuwa ba ya hana tafiya ko ciwo ko ajali. Saboda haka a gidan miliyan 24, ga rabon da nake ganin ya fi: miliyan 2 da dubu 400 kafin alƙalami, miliyan 19 da dubu 200 ranar sa hannu da karɓar mabuɗi, miliyan 2 da dubu 400 su zauna wurin amintacce har amincewa ta fito. Masu cewa "takardar wakilci ta isa, ba sai an je wurin Gwamna ba" suna sayen arha mai tsada. Ita kaɗai ba ta mayar da mallaka, kuma ta yau da kullum tana mutuwa ranar da wanda ya ba da ita ya rasu, ka koma neman sa hannun magada goma sha.

Hatimi da rajista ba su da wahalar fahimta. Kwana 30 ne doka ta ba takardar sauya mallaka a biya mata kuɗin hatimi, in an wuce akwai tara. Tsakanin mutum da mutum hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ke karɓa, in da kamfani a ciki ta tarayya. Lauyoyi da yawa kan bar gurbin kwanan wata a takardar har amincewa ta fito, don kada kwanakin su ƙare ana jiran ofis. Takardar yarjejeniyar ciniki dai a sa mata ranarta ta gaskiya. Rajista kuma a yi ta da zarar an sami dama, don in an sayar wa mutum biyu fili guda, ranar rajista ake dubawa wurin fifiko tsakanin takardun. A kuma karanta jikin C of O: shekara 99 ɗin da aka saba bayarwa ba ta sabuntuwa don an sayar, ragowar kake saye, sharaɗin gina fili cikin wa'adin da aka rubuta kuma yana biyo ka, saɓa shi dalili ne na sokewa a sashe na 28.

Ranar karɓar gida babu kowa a ciki ita ma mutane ke riƙe da ita, ba takarda ba. In akwai ɗan haya na shekara-shekara kuma yarjejeniyarsa ba ta faɗi wani abu daban ba, notis na wata 6 yake da shi. Na wata-wata, wata guda. Bayan ya cika a ƙara na kwana 7, in ya ƙi tashi sai kotu. Mai gidan da ya ce "mako biyu zan fitar da su" ko dai bai san doka ba ko yana shirin cire rufi, kai kuma ka gaji shari'ar. A ga takardar hayar, a ga notis ɗin da aka ba shi da ranar da ya karɓa, a ɗaure biyan kashi na biyu da miƙa mabuɗi.

Gidan gado ya fi kowanne buƙatar haƙuri. Matar mamaci tana da haƙƙin zama a gidan mijinta har ta gama takaba, wata 4 da kwana 10, in tana da ciki kuma sai ta haihu, kuma a Malikiyya rabon gadon kansa jiran haihuwar yake. In akwai marayu ƙanana, sai wasiyyinsu ko izinin alƙali. Kada a sa ranar cikawa kafin takardar rabon gado ta fito daga kotu. A rubuta "kwana 21 bayan mai saye ya karɓi kwafinta", tare da rana ta ƙarshe da in an wuce ta kowa ya kama gabansa. In kuma kason magaji guda kake saye a gidan da ba a raba ba, akwai shuf'a: abokan tarayyarsa suna da ikon biyan ka abin da ka biya su karɓe. Wanda ke gari ya kuma sani, haƙƙinsa yana kai wa shekara guda. Wanda ba ya nan, ko yana Legas ko Makka, yana kan haƙƙinsa ko da tafiyar ta yi tsawo. Yafewar da aka yi kafin ciniki ba ta ɗaure mai ita, don haka bayan an ƙulla ake neman kowane ɗaya ya rubuta cewa ya yafe, wanda ya ƙi magana kuma a kai shi gaban alƙali ya ce ya ɗauka ko ya bari. Kafin nan kada ka rushe ko ɗaki guda.

Ƙarin lokaci ba aibi ba ne, jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci ma abin lada ne. Aibin shi ne a yi shi a bakin masallaci bayan Isha'i. A rubuta a rabin shafi: tsohuwar rana, sabuwar rana, cewa sauran sharuɗɗa suna nan kuma sabuwar ranar ma sharaɗi ce, waɗanda suka sa hannu a farko su sake sawa. Mai sayarwar da ya karɓi biyan da ya makara sau biyu bai ce uffan ba, zai sha wuya ya gamsar da kotu a karo na uku cewa rana tana da muhimmanci a wurinsa; in zai karɓa, ya rubuta a rasit cewa karɓar ba ta sauke sharaɗin ba. Takardar ciniki ta faɗi inda za a kai notis da lokacin da za a ɗauka ya isa: hannu da hannu a sa hannu a kwafi, ko ta kamfanin aika saƙo a ajiye rasit. Saƙon WhatsApp kotu na iya karɓarsa a ƙarƙashin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011, amma da sharuɗɗansa, kuma waya tana ɓacewa. Ya zama ƙari a kan takarda, kada ya maye gurbinta. Shaidu su zama mutum biyu adalai da ba su da ko sisi a cinikin, a rubuta unguwarsu da lambarsu.

La'adar dillali ita ma a sa mata rana, ranar kuma ta zama ta miƙa mabuɗi da takardun asali. Dillalin da ya karɓi la'adarsa duka daga kafin alƙalami ya gama nasa cinikin tun ku ba ku fara naku ba, kuma shi ne mutumin da za ku fi buƙata in safiyo ya ce bikon ɗin gabas ya shiga filin maƙwabci da ƙafa shida. A ba shi kashi ɗaya cikin huɗu a farko in ya matsa, ragowar ranar cikawa, a kuma rubuta wa zai biya, mai saye ko mai sayarwa ko su biyun.